Gashin Bakin Sha-Yanzu

"Littafin yara? Ni ko da hannun hagu sai in rubuta guda kafin shayina ya huce."

Sha-Yanzu mai gyaran keke ne ya yi wannan cika baki, yana zaune kan wata tsohuwar taya a ƙofar rumfarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana murza gashin bakinsa. Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Duk keken da aka kawo masa, birki ne ya mutu ko sarƙa ce ta zame, amsarsa ɗaya ce: sha yanzu, magani yanzu. Sai dai yanzun nasa yakan kai wata biyu. An ce akwai wanda ya kawo kekensa yana ɗan firamare, ranar da aka gama gyaran da gemunsa ya zo karɓa.

Abu ɗaya ne Sha-Yanzu bai taɓa yi wa jinkiri ba, wato gashin bakinsa. Shekara ashirin yana kiwonsa. Gashin yana da ɗan matajinsa a aljihun gaba, yana da man shafawarsa na daban, ga bakunansa biyu sun lanƙwashe sama kamar hannun keken tsere. Mai Aski, wanda shagonsa ke jikin rumfar, shi ma shekara ashirin ke nan yana kallon gashin nan yadda kura ke kallon akuyar da aka ɗaure a gidan maharbi.

Wadda aka yi wa cika bakin kuwa Malama ce, tsohuwar malamar makaranta da ta ajiye alli ta koma rubuta wa yara littattafai. Zuwanta na uku ke nan neman keken jikarta. Da ta tarar ko ƙurar kansa ba a kaɗe ba, sai ta zauna a bencin Mai Aski ta huta. Hira ta kawo hira, har ta ce ita ma ba ta da bakin yi wa kowa faɗan jinkiri, tunda wata huɗu ke nan tana fama da wani labari mai shafi goma sha shida, ya ƙi tsayawa da ƙafarsa.

Nan ne Sha-Yanzu ya kusa ƙwarewa da shayi. Ya ce ai ya ga irin littattafan a jakar Autarsa, rabin shafi hoton zomo, rabi kuma layi biyu da manyan baƙaƙe kamar na allon talla. Wannan ba aiki ba ne, in ji shi, hutu ne aka sa wa riga da hula.

Malama ba ta ji haushi ba. Ta ce babba yana da kunya, in ka karanta masa shirme zai zauna ya yi ta gyaɗa kai, har ya tafa maka, sai ya koma gida ya zage ka. Yaro ba shi da wannan ladabin. Shi ya sa kowace Asabar da hantsi take tara yara goma sha biyu a ɗakin karatu na unguwa, ta karanta musu abin da ta rubuta, ta bar ƙofa a wangale. Ƙofar kuwa filin wasa take kallo, ga lilo, ga ƙwallo. Doka ɗaya ce: wanda ya gaji ya tashi ya fita, ba harara, ba tambaya. A cikin shafi goma, in ji ta, da ƙyar ɗaya ke tsira daga ƙofar nan.

"Ai gazawar daga gare ki take, Malama," in ji Sha-Yanzu. "Labari in ya cika labari, ko gobara ake yi yaro ba zai motsa ba."

Ta tambaye shi wane littafi ya karanta na ƙarshe. Ya ce shi ba ya karanta na wasu, don kada basirarsu ta gurɓata tasa. Rijiya mai ruwa ba ta roƙon randa.

Mai Aski ya ajiye almakashi a hankali, ya bar mutum da rabin kai.

"To mai rijiya, a ɗebo mana mu gani."

Ya tsara magana tiryan-tiryan kamar wanda ya daɗe da haddace ta. Nan da mako biyu, ranar Asabar, Sha-Yanzu ya zo ɗakin karatu da labarin da ya rubuta, ya karanta wa yaran Malama, ƙofa a buɗe. In shida kacal suka zauna har ƙarshe, shi Mai Aski zai yi wata guda yana share masa rumfa kowace safiya. In ba su kai shida ba, gashin bakin nan ya zama nasa, a wurin, a gaban kowa.

Hannun Sha-Yanzu ya tsaya cak a kan gashin. Amma ya duba, ga Mai Shago ya tsallako titi, ga masu jiran aski sun miƙo wuya, ga Malama tana murmushi. Baki shi ke yanka wuya. Ya ce mako biyu ma ya yi yawa, amma zai karɓa don kada a ce ya yi wa dattijuwa gori.

Da ya isa gida ya sanar da iyalinsa cewa daga yau marubuci ne ke zaune a gidan, a rage buga ƙofa, a daina tari ba dalili. Ya sauke keken ɗinkin matarsa ya mallake teburin. Ya sayo babban littafin rubutu mai baƙin bango, da biro uku, da tabarau na karatu, ko da yake idonsa ƙalau yake, har sai ya leƙa ta samansa kafin ya ga takardar. Auta, 'yarsa mai shekara bakwai, tana cikin yara goma sha biyun nan na Malama. Kafin rana ta faɗi ta gaya wa duk wanda ke da kunne cewa labarin babanta zai fi na kowa, babu wanda zai ko kalli lilo.

Ranar farko ya rubuta sunansa a bango, ya ja masa layi biyu. Rana ta biyu ya ƙara "Shahararren Marubuci" a ƙasa. Rana ta uku ya buɗe shafin farko, ya tauna biro ɗaya har ya fashe masa a baki, sannan ya rubuta: "Wata rana."

Matarsa ta leƙo ta kafaɗarsa tana riƙe da ɗinkin mutane da ta rasa inda za ta ɗora.

"Baban Auta, wata ranar ce ta yi me?"

"Ba a tambayar marubuci yana tsakiyar aiki."

"Au, nan ne tsakiyar? To ashe an kusa gamawa."

Rana ta huɗu dabara ta zo masa. Ya cika shafi guda da labarin wani yaro mara jin magana da ke taɓa kayan aikin babansa, har sifana ta faɗo masa a yatsa, ya yi nadama, ya nemi gafara cikin jimla bakwai. Ya zaunar da Auta ya gwada mata. Bai kai layi na biyar ba ta ɗaga hannu cikin ladabi, ta ce ko za a ɗan buɗe ƙofa kamar yadda Malama ke yi. Ya yage shafin, ya ce dama gwaji ne.

Ganin mako ya kusa wucewa, ya ɗauki keken jikar Malama, wanda ya gyara cikin minti goma har shi kansa ya yi mamaki, ya kai mata gida da kansa. Bayan gaisuwa ya ce akwai wani abokinsa, ba shi ba, da ke son sanin inda ƙananan marubuta ke samo labari.

Malama ta ce ya gaya wa abokin abu biyu. Na farko ya kalli abu, kowane irin abu, ya yi ta kallonsa har ya ga abin da mai sauri ba ya gani. Ita da kanta ta taɓa yin awa guda tana kallon ƙadangare a kan katanga, daga nan ta samo littafi sukutum. Na biyu kuma, wanda ya fi na farko, ya karanta, ya karanta, ya sake karantawa, don ba a koyon ɗinki ba tare da an juya rigunan wasu an ga bayansu ba.

Sha-Yanzu ya ɗauki na farko ya bar mata na biyu. In ƙadangare ya ba da littafi, ai agwagwa sai ta ba da uku.

Akwai agwagin Mai Wanki a bayan layinsu. Washegari da safe ya sa tabarau, ya ɗauki littafinsa, ya zaɓi wata farar agwagwa mai ƙiba ya shiga binta. Ta tsaya, ya tsaya. Ta shiga lungu, ya shiga. Ta leƙa kwata, shi ma ya tsuguna ya leƙa, ko akwai abin da mai sauri ba ya gani. Ya rubuta: "Tana tafiya." Can ya ƙara: "Ta tsaya." Ya ji daɗin yadda aiki ke gudu. Sai ya ga ya kamata ya dube ta ido da ido, ya rarrafa ya matsa, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

A haka matar Mai Wanki ta fito da bokiti ta gan shi, ƙaton mutum da gashin baki, a rarrafe, hannu a miƙe wajen agwagwarta. Ta tuna agwagi biyu da suka ɓace mata bara. Ba ta yi wata-wata ba ta ɗaga murya, lungu ya cika kafin ya miƙe. Yana ƙoƙarin bayyana cewa bincike yake yi, toron agwagwar, wanda bai san bincike ba, ya taso da fukafukai a buɗe ya kama shi a bayan gwiwa. Sha-Yanzu ya ja da baya, ya ƙara ja da baya, ya zauna daram a cikin bahon wanki mai cike da kumfa da zannuwan gadon mutane.

Mai Wanki ya fito ya dube shi, ya ce in wanka yake so ai da ya faɗa, ba sai ya biyo ta kan agwagwa ba. Wata tsohuwa ta ce ita dai tun da ta ga tabarau ɗin nan ta san akwai magana. Aka tsamo shi, aka tsamo littafin. Tawada ta narke. "Wata rana" ta tafi, "Tana tafiya" ma ta bi ta.

Matarsa ta karɓi littafin ta shanya a igiya, ta yi masa jaje da fuskar gaske, ta ce Allah ya mayar da alheri, aikin mako guda ruwa ya cinye, kalma shida cur.

Daga ranar Mai Aski ya fito da wata sabuwar ɗabi'a. Kowace safiya sai ya kawo askarsa bakin ƙofa yana wasa ta a kan fata, shuu, shuu, yana gaida Sha-Yanzu da fara'a, yana tambayar lafiyar iyali da lafiyar gashi.

Saura kwana huɗu matarsa ta aike shi sayen sabulu. Mai Shago ya naɗe masa a takarda kamar yadda ya saba. A hanya idon Sha-Yanzu ya faɗa kan takardar, ya ga rubutu ne bugagge, tsaf-tsaf, kuma ya fara da "Wata rana". Ya tsaya a gefen titi ya warware. Labarin wata yarinya ce da takalminta ya ɓace. A saman shafin kuma an rubuta tara da jan biro, an zagaye ta.

Murna ta kama shi. Karatunsa bai yi nisa ba, amma ya yi zaman aji isasshe ya san ma'anar lamba da jan biro a cikin da'ira. Maki ne. Tara cikin goma. Shi a zamaninsa bai taɓa wuce uku ba, sai ranar da ya zauna kusa da ɗan hedimasta.

Ya koma da sauri ya tambayi Mai Shago inda yake samun takardun. Mai Shago ya nuna masa wani kwali a ƙarƙashin kanta, ya ce Malama ce ke kawo masa duk ƙarshen wata, wai ta gama da su. Sha-Yanzu ya yi lissafinsa a tsaye. Abin da aka zubar ba shi da mai shi. Dattijuwa mai wannan shekaru ba za ta tuna abin da ta rubuta ba. Kuma wadda ke zubar da tara cikin goma ai ba ta san darajar kayanta ba, taimakonta ma zai yi. Ya ce a ba shi kwalin.

Mai Shago ya ce takarda ta naɗi ce, ba ta kyauta ba ce. Wanda ya sayi kaya shi ke tafiya da takarda, kaya ɗaya, takarda ɗaya.

Haka aka fara. Sha-Yanzu ya sayi sabulu, a naɗe. Ya sayi wani sabulun, a naɗe daban. Ya sayi sukari, ya sayi ƙusa, ya sayi kyandir, ya koma kan sabulu. Kuma ba kowace takarda yake karɓa ba. In Mai Shago ya zaro mai ɗaya ko biyu a da'ira, sai ya ce a mayar, shi ba ya hulɗa da daƙiƙan shafuka, a nemo masa daga takwas zuwa sama. Mai Shago bai tambayi dalili ba, mai ciniki ba ya tambayar ruwan sama daga ina ya taso. A rana ta biyu aka zaro wata mai goma sha biyu. Sha-Yanzu ya riƙe ta da hannu biyu. Shafin da ya fi ƙarfin goma cikin goma, har mai ba da maki ya rasa yadda zai yi ya ƙara biyu daga aljihunsa. Wannan shi zai sa a tsakiya, inda ake buƙatar bugun ƙarshe.

A gida sabulu ya cika taga, ya hau kan kabad, ya fara sauka ƙarƙashin gado. Matarsa ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu.

"Baban Auta, tun da ka faɗa bahon nan ka ɗanɗana, sana'ar ce ta shiga ranka?"

Ya ce mata manyan marubuta ba sa iya tunani sai da ƙamshin sabulu, ita dai ta zuba ido.

Ya kulle kansa a rumfa ya baje shafuka goma sha huɗu. Nan ya gano wata 'yar matsala: ba labari ɗaya ba ne. Wasu na yarinya mai takalmi ne, wasu na wani direban babbar mota, wasu na wani tsoho mai ciwon haƙori. Amma mai gyaran keke ya saba haɗa ƙafar wannan da sirdin wancan. Ya ɗauki biro, duk inda ya ga yarinya ko direba ko tsoho ya soke, ya rubuta "agwagwa" a sama, don a san binciken da ya yi bai tafi a banza ba. Ya so ya kwafe da hannunsa, amma layi uku suka gajiyar da shi. Sai ya ɗauko gam ɗin faci ya manna shafukan ɗaya bayan ɗaya a cikin baƙin littafinsa, ya ɗora taya a kai su kama.

Ranar Asabar ɗakin karatu bai taɓa ganin jama'a haka ba. Yara goma sha biyu a kan tabarma a gaba, Auta a tsakiya ta sha kitso sabo. Manya sun jeru jikin kantocin littattafai, wasu a taga. Ga Mai Shago, ga Mai Wanki da matarsa, ga matar Sha-Yanzu a can baya kusa da hanyar gudu. Mai Aski ya zo da ƙaramar jakarsa ya ajiye a kan cinya, ya zauna kamar mai jiran mota.

Sha-Yanzu ya iso a kan keke, gashin baki yana ƙyalli, ya jingine keken a bakin ƙofa, a gicciye, kamar bai lura ba. Malama ta tashi ta tura keken gefe, ta ƙara buɗe ƙofar har ta taɓa bango. A waje lilo yana ɗan motsi shi kaɗai.

Ya yi gyaran murya, ya buɗe littafi. Warin gam da ƙamshin sabulu suka bugi layin gaba, wani ƙaramin yaro ya yi atishawa.

Farkon ya tafi lafiya. Agwagwa ta tashi da safe ta nemi takalminta ta rasa. Yara suka yi dariya, Sha-Yanzu ya ɗago ya harari Mai Aski ta saman tabarau. Daga nan shafin ya shiga bayanin ɗakin agwagwa: launin labule, tsawon gado, adadin ƙugiyoyin rataye kaya. Wata yarinya mai jan ɗankwali ta karkata kai ta raɗa wa ta kusa da ita wani abu. Ya kai kan ƙugiya ta huɗu, yara biyu suka miƙe tare kamar an busa musu usur, suka fita.

Ya ƙara murya ya juya shafi. Agwagwa, wadda har yanzu ba ta ga takalmin ba, ta hau babbar mota ta duba mai, ta duba ruwa, ta duba tayoyi goma ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro ya tambaya yaushe agwagwar ta koyi tuƙi. Sha-Yanzu ya ce ba a tambayar marubuci. Yaron ya ce to, ya tashi ya fita, abokinsa ya bi shi.

Shafi na gaba wanda aka naɗo sukari a ciki ne, kuma tururuwa sun riga kowa karanta shi. Suka fito a layi suka bi hannun rigarsa. Ya ci gaba da karatu yana kaɗa gwiwar hannu kamar mai shirin tashi sama. Agwagwa ta kwana ba ta yi barci ba saboda ciwon haƙori.

"Agwagwa ba ta da haƙori," in ji mai jan ɗankwali.

"Wannan tana da shi."

"Tsoho ne mai haƙorin. Kuma yanzu zai ce, da na ji maganar likita…"

Sha-Yanzu ya duba layi na gaba. Abin da ke wurin ke nan, harafi da harafi. Ya tsallake shi da tari. Mai jan ɗankwali ta tashi ta kakkaɓe siket ta fita. Saura bakwai.

Gumi ya fara sauko masa ta cikin gashin baki. Ya ga in bai fito da babban makami yanzu ba, an gama da shi. Ya tsallake shafi huɗu ya dira kan mai goma sha biyu, ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya karanta da muryar mai shela. Agwagwa ta tara 'ya'yanta ta ce, ya ku yara, darussan da za mu koya daga wannan al'amari guda tara ne. Darasi na farko.

Bai kai na biyu ba tabarma ta yi fili. Shida suka fita a jere, har suna ba juna hanya a bakin ƙofa. Saura Auta ita kaɗai, ta haɗa gwiwoyi, tana kallon babanta, tana kallon lilo, idonta ya kawo ruwa.

Sai aka ji ƙarar zif ɗin jakar Mai Aski.

Nan Sha-Yanzu ya harzuƙa. Ya ce wannan maƙarƙashiya ce, an zuga yaran ne tun daga gida. Ya ce yaran zamani ba su san abu mai kyau ba. Wannan shafin da suka guje wa, in ji shi, ba ƙaramin shafi ba ne, kuma yana da shaida. Ya juya littafin ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, ya dangwala yatsa a kan jan da'irar.

"Ku duba da idonku. Goma sha biyu. Ko goma cikin goma bai ishe shi ba."

Jama'a suka miƙo wuya. Mai Wanki ya gyara tsayuwa ya tambaya a hankali, shin wa ya ba shi makin, tunda shi ya rubuta kuma yau ne aka fara karantawa?

Sha-Yanzu ya juyo da littafin ya sake duban jan da'irar.

Auta ce ta taimake shi, don yarinya ce mai son babanta.

"Baba, ba maki ba ne. Malama ce ke ƙirga waɗanda suka fita, sai ta rubuta. Ranar wannan shafin duka muka fita." Ta sunkuyar da kai. "Har da ni."

Malama ta miƙa hannu ta karɓi littafin, ta sa nata tabarau, ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Tara, takwas, goma, tara, sha ɗaya. Ta ce shekara biyu tana zubar da takardu, masu ɗaya da biyu ma akwai abin tsinta a cikinsu, gyara kaɗan suke so. Amma ba ta taɓa tunanin za a samu mai haƙurin da zai zauna ya tace mafi muni zalla, ya haɗa su wuri guda ba. Wannan, in ji ta, aiki ne na mai ido.

Mai Shago ya ce shi shaida ne, da ya ba shi mai ɗaya har faɗa ya yi masa. Matar Sha-Yanzu daga baya ta ce duk mai son sabulu ya biyo ta gida bayan an tashi.

Dariya ta fashe har kantocin littattafai suna rawa. Mai Aski bai yi dariya ba, shi mutum ne mai girmama aiki. Ya jawo kujerar Malama tsakiyar ɗaki, ya kaɗe ta, ya ɗaura wa Sha-Yanzu farin ƙyalle a wuya, ya kaɗa kumfa. Sha-Yanzu ya nemi a ɗaga zuwa gobe, ya nemi a rage tsawo kawai, ya nemi a bar masa ɓangare ɗaya na tarihi. Mai Aski ya ce ai sha yanzu ne, magani yanzu.

Jin dariyar nan ne ya sa yaran suka bar lilo. Ɗaya bayan ɗaya suka dawo, suka zauna kan tabarma, suka tanƙwashe ƙafa, baki a sake. Aska ta sauka a ɓangaren dama, shuu, shekara ashirin ta faɗo kan ƙyalle kamar mataccen ɓera. Ba wanda ya yi tari. A waje ƙwallo ta gangaro har bakin ƙofa, ko kallonta ba a yi ba. Malama ta zaro ɗan littafinta daga jaka ta fara rubutu da sauri, tana ɗagowa tana kallo, tana komawa.

Sha-Yanzu, kumfa har hanci, rabin fuska a share rabi da hannun keke, ya juya ido ya ƙirga tabarmar. Ya sake ƙirgawa. Sai ya ɗaga yatsa daga ƙarƙashin ƙyalle.

"Malama, ki rubuta da jan biron naki. Goma sha biyu a zaune, ƙofa a buɗe. Ke kin taɓa samun haka?"

Malama ta ce gaskiya ba ta taɓa ba. Ta ce in zai iya maimaitawa kowace Asabar, ita sai ta ajiye biro.

"Rufe baki, marubuci," in ji Mai Aski, yana kama ɓangaren hagu da yatsa biyu. "Saura shafi na biyu."